Kuɗin Makka, Kuɗin Aure, Kuɗin Gini: Shin Zakka Ta Hau Kansu?

Wani yammaci cikin watan azumi, bayan an rufe karatun Risala a zauren unguwarmu, jama'a suka watse sai mutum ɗaya ya yi saura. Tela ne, ya haura shekara hamsin, tabon zaren gwado yana nan a wuyan rigarsa. Ya matso ya gurfana gaban malam, ya sassauta murya ya ce, “Allah gafarta malam, shekara huɗu ke nan ina tara kuɗin kujerar Makka. Ko sisi ban taɓa ci a ciki ba. Ni a zuciyata kuɗin nan sun zama na Allah tun ranar da na fara ajiye su. To, su ma sai na fitar musu da zakka?”

Malam ya ɗan yi shiru, sannan ya yi masa tambaya uku. Kuɗin suna hannunka, ko ka riga ka biya su? Sun kai nisabi? Shekara ta zagayo a kansu bayan sun kai? Na lura malam bai tsaya a kan abin da za a yi da kuɗin ba, alhali shi ne abin da ya fi damun mai tambaya. Na daɗe ina juya wannan a raina, domin tambayar telan nan tana cikin gidaje da yawa. Ma'aikaci yana tara na fuloti, saurayi yana tara na lefe da sadaki, uwa tana tara na kayan ɗakin 'yarta, uba yana tara na makarantar yara, wani kuma na aikin asibiti. Dukkansu masu hankali ne, sun san ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kusan kowannensu yana jin cewa kuɗin da ya riga ya raɗa wa suna sun fita daga lissafin zakka.

Sharuɗɗa uku da malam ya tambaya

Zakkar tsabar kuɗi reshe ce ta zakkar zinariya da azurfa. Nisabin zinariya dinari ashirin ne, wanda malaman zamani suka auna da giram 85. Na azurfa dirhami ɗari biyu, wato giram 595. Idan mutum ya mallaki wannan adadi cikakkiyar mallaka, shekarar Musulunci mai kwana 354 ta zagayo bai gaza ba, zai fitar da ɗaya bisa arba'in, kashi biyu da rabi cikin ɗari. A kowace naira miliyan ɗaya, naira dubu ashirin da biyar ke nan. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta jera mutum iri takwas da ake bai wa, faƙirai da miskinai ne a sahun farko.

A cikin waɗannan sharuɗɗa babu inda aka ambaci niyyar mai kuɗi game da gobe. Dalili kuwa a bayyane yake. Gidan da mutum yake ciki, motar hawansa, keken ɗinkin tela, garmar manomi, duk waɗannan shari'a ta ɗauke musu zakka, saboda amfaninsu a jikinsu yake. Tsabar kuɗi kuwa ba a ci, ba a sawa, ba a kwana a cikinta. Duk amfaninta shi ne a juya ta ta zama wani abu, don haka malamai suka lissafa ta cikin dukiyar da take iya haɓaka, ko mai ita ya juya ta ko ya kulle ta a akwati. Kuma babu kuɗin ajiya a duniya da ba a ajiye su don wani abu ba. Attajirin da ya tara biliyan shi ma zai ce na gina masana'anta ne. Da niyya tana kayar da zakka, da babu wanda zai rage a cikin masu fitarwa.

Wannan shi ne matsayin mafi rinjayen malamai, Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa, kuma a kansa fatawar malamai irin su Ibn Baz da Ibn Usaimin ta tsaya game da kuɗin aure da na sayen gida. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, akwai wata mas'ala da ta ƙara fito da abin fili. Kayan adon zinariya da mace take sawa babu zakka a kansu. Amma Muhtasar na Shehu Halil ya ware zinariyar da aka ajiye don jiran wata buƙata ta gaba, ko wadda namiji ya tanada don ya ba da ita sadaki: waɗannan a fitar musu. Ka ga ke nan ajiya don gobe, a wurin Malikawa, ita ce ma take mayar da sarƙa da awarwaro cikin dukiyar zakka. Iyayenmu mata da suke sayen zinariya su ɓoye a ƙasan adaka saboda ranar auren 'ya, ko saboda ranar da hali zai ƙi, ya kamata wannan hukunci ya kai kunnensu.

Ra'ayin da ya yi sassauci

Adalci ne a faɗi cewa akwai wata magana daban, kuma ba ta banza ba ce. Hanafawa sun shardanta cewa dukiyar zakka ta zama rara ce a kan buƙatun asali, wato abinci, sutura, muhalli, kayan sana'a da makamantansu. Wani malaminsu, Ibnu Malak, ya ja wannan ƙa'ida har ta shafi tsabar kuɗi: idan mutum ya riƙe kuɗi don biyan irin waɗannan buƙatu, a wurinsa kamar babu su ne, kamar yadda matafiyin da ruwan shansa kaɗai ya rage masa yake yin taimama. A kan wannan ne wasu masu fatawa na wannan zamani, musamman a Masar, suka yi wa mai tara kuɗin gidan zama na farko ko na auren fari rangwame.

Sai dai a cikin mazhabar Hanafiyya kanta maganar ba ta wuce salin alin ba. Ibnu Nujaim ya nuna ta saɓa wa abin da Kasani ya rubuta, cewa tsabar kuɗi ana fitar mata da zakka ko don kasuwanci aka riƙe ta ko don cefane. Ibnu Abidin, wanda ya rasu a 1836, ya yi ƙoƙarin haɗa maganganun biyu: wanda ya riƙe kuɗi yana ci daga ciki, shekara ta cika ya tarar da ragowar ta kai nisabi, zai fitar, ko da yana da niyyar kashe ta nan gaba, wanda kuwa shekara ta cika masa alhali buƙatar ta riga ta tsaya a ƙofarsa tana neman kuɗin, shi ne ake ɗauke wa.

A nawa ganin, wannan sassauci yana da muhallinsa, kuma muhallin ƙunci ne. Mutumin da likita ya ce masa sai an yi wa matarsa dashen ƙoda, yana ta haɗa kuɗin tafiya Indiya ko Masar, rai yana hannun Allah, idan malami masani ya duba halinsa ya ba shi fatawa da maganar Ibnu Malak, ba wanda zai zarge shi. Amma mai tara kuɗin gida na biyu, ko aure na uku, ko Umara ta kowace shekara, ba shi da mafaka a nan. Ita ma Malikiyya ba ta bar mai ƙaramin ƙarfi a rana ba. A Muhtasar ɗin nan dai an halatta a bai wa wanda ya mallaki nisabi zakka idan abin da ke hannunsa ba zai ishe shi da iyalinsa shekara ba. Wato mutum zai iya fitar da tasa, kuma a ba shi ta wasu. Hakkin talaka bai faɗi ba, shi ma ba a bar shi cikin matsi ba.

Wane nisabi: zinariya ko azurfa?

A nan ne tambayar telan nan ta fi zafi, kuma a nan ne mutane da yawa ba su san inda suka tsaya ba. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dinari ɗaya yana daidai da dirhami goma, don haka nisabin biyu kusan abu ɗaya ne. Yau azurfa ta faɗi warwas a gaban zinariya. A shekarar 2025, kuɗin giram 85 na zinariya ya haura naira miliyan goma, alhali giram 595 na azurfa bai kai miliyan biyu ba a mafi yawan watannin shekarar. Kujerar hajji kuwa, wadda take kusan miliyan uku a 2023, ta haura miliyan takwas a 2025. Ka duba inda ta faɗa: tsakiyar nisabin biyu. Maniyyacin da ya tara kuɗin kujera cif, ba shi da wata ajiya, idan an auna shi da zinariya bai kai ba. Idan an auna shi da azurfa ya wuce tun tuni.

Akasarin sanarwar nisabi da ake yi a Najeriya a kan zinariya aka gina ta, shi ya sa za ka ga an jero ta tare da mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinari, da diyyar rai, dinari dubu. Yusuf Alƙardawi ma, a littafinsa Fiƙhuz Zakah, zinariya ya rinjayar, saboda darajarta ta fi tsayawa, kuma ita ta fi kusa da nisabin dabbobi irin su awaki arba'in ko raƙuma biyar. Masu cewa a bi azurfa, kuma suna da yawa a ƙasashen Indiya da Pakistan, hujjarsu ita ce ta fi amfanar talakawa kuma ta fi kuɓutar da wuyan mai dukiya. Duk wanda ya bi sanarwar hukumar zakka ta jiharsa, kamar ta Kano ko Sakkwato ko Zamfara, ya bi hanya mai tushe. Wanda kuma Allah ya buɗa masa ya zaɓi ya fitar a kan azurfa don neman tsira, ya yi abin yabo. Abin da bai dace ba shi ne mutum ya riƙa sauya ma'auni kowace shekara yana neman wanda zai kuɓutar da aljihunsa.

Kuma a tuna, ba a auna kowace ajiya ita kaɗai. Kuɗin Makka, da na asusun albashi, da jarin shago, da dalar da ke cikin durowa, da zinariyar ajiya, duk na mutum ɗaya ne, a haɗa su wuri guda a auna. Raba kuɗi asusu huɗu ba ya mayar da mai su mutum huɗu.

Yaushe shekara take farawa?

Mai tanadi ba ya samun kuɗinsa rana ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika. A ƙa'idar Malikiyya, ribar kasuwanci tana bin shekarar uwar kuɗi. Amma abin da ake kira fa'ida, wato sabon kuɗin da ya shigo ta albashi ko kyauta ko gado, ana tara shi har ya cika nisabi, daga ranar da ya cika ne shekara take fara ƙirguwa, kuma duk abin da ya shigo bayan nan yana da tasa shekarar. Ɗauki ma'aikacin da yake ajiye dubu ɗari uku kowane wata don gina gida, a ce nisabi miliyan goma sha biyu ne. Sai ya yi wata arba'in kafin ya kai. Duk tsawon wannan lokaci babu zakka a kansa. Daga watan da ya kai ne zai sa alama, idan shekara ta dawo kuɗin suna nan, ya fitar da dubu ɗari uku.

Bin kowane albashi da shekararsa aiki ne mai wuya. Hanafawa sun sauƙaƙa, suka ce duk abin da ya shigo a tsakiyar shekara a haɗa shi da nisabin da ke hannu a fitar rana ɗaya. Malamai da yawa a yau wannan suke ba ma'aikata shawara: ka tsayar da rana guda a shekara, ka duba duk abin da ka mallaka a ranar, ka fitar da kashi biyu da rabi. Wani ɓangare na kuɗin an gaggauta masa zakka ke nan kafin lokacinsa. Malikawa ba su yarda a gaggauta da fiye da kamar wata guda ba, amma sauran mazhabobi sun halatta, bisa izinin da Annabi (SAW) ya bai wa baffansa Abbas. Wanda kuma ya ga lissafi da watannin Bature ya fi masa sauƙi, sai ya ɗan ƙara, ya fitar da kashi 2.577 cikin ɗari, saboda shekarar Bature ta ɗara ta Musulunci da kusan kwana goma sha ɗaya.

Idan kuɗi suka bar hannu

Tambayar malam ta farko, ko kuɗin suna hannunka, ita take warware mas'aloli da yawa. Wanda ya sayi fuloti don ya gina gidan zama, ya sauke bulo da siminti da kwano, waɗannan sun zama kayan amfani, babu zakka a kansu ko sun shekara goma. Haka uwar da ta riga ta sayi gado da katifa da kwalla da tukwane ta jera a ɗaki. Maniyyacin da ya biya kuɗin kujera ga hukumar alhazai, biya na ƙarshe da ba shi da ikon janyewa yadda ya ga dama, kuɗin sun fita daga hannunsa. Amma kuɗin da ke zaune a asusun tanadi da sunansa, irin shirin adashin gata na hajji da hukumar NAHCON ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020, abin dubawa shi ne sharuɗɗan asusun: muddin yana da ikon fasawa ya karɓi abinsa, dukiyarsa ce, zakka tana binta. Ƙasar Maleshiya, wadda ta kafa asusun tanadin alhazai tun 1963, wanda aka sani da Tabung Haji, ta sauke wa mutanenta wannan nauyi, domin hukumar ce take fitar da zakka a madadin masu ajiya. Wannan darasi ne da ya kamata masu kula da irin wannan asusu a ƙasarmu su duba, ko aƙalla su bayyana wa kowane mai ajiya a rubuce ko an fitar masa ko ba a fitar ba.

Kuɗin fansho da ake yanka daga albashi, waɗanda ma'aikaci ba ya iya taɓawa sai ya ajiye aiki, mallakarsu ba ta cika ba, don haka malamai da dama suka ce sai sun shigo hannu ake fara maganarsu. Adashi kuwa bashi ne tsakanin 'yan zubi. Wadda ba ta kwasa ba tukuna, zubinta rance ne a hannun abokan adashinta, kuma a Malikiyya rance ana fitar masa da zakkar shekara ɗaya ne idan ya dawo hannu, ko ya daɗe. Wadda ta kwasa da wuri kuwa, ragowar zubin da ke kanta bashi ne.

Bashi yana da hukuncinsa. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo cewa Sayyidina Usman yakan tunatar da mutane idan watan zakkarsu ya kama, mai bashi ya fara biya sannan ya fitar daga abin da ya rage. A Malikiyya bashi yana rage zakkar tsabar kuɗi, har da sadakin da miji bai gama biya ba, sai fa idan mutum yana da wata kadara da za ta iya tsayawa a madadin bashin. Amma a kula da bambanci: kuɗin makarantar baɗi, ko kuɗin rufin da ba a kira kafinta ba tukuna, ba bashi ba ne. Buri ne, kuma babu wanda zai kai ka gaban alƙali a kansa.

Akwai kuma masu dabara, waɗanda idan shekara ta kusa cika sai su mayar da kuɗin sunan mata ko ɗa, bayan wata guda su karɓe. Malikawa sun tsaya kai da fata cewa gudun zakka ba ya kayar da ita. Wasiƙar da Sayyidina Abubakar ya rubuta a kan zakkar dabbobi ta hana a raba garke ko a haɗa shi don tsoron zakka, kuma labarin masu gonar nan na Suratul Ƙalam, da suka yi sammako don kada miskini ya riske su, ya ishi mai hankali.

Tsoron kada ajiya ta ƙare

Abin da ke ƙasan zuciyar mai tanadi shi ne tsoro: ina tarawa ana zaftarewa, yaushe zan kai? Wannan tsoro ya cancanci a amsa shi da lissafi. Wanda ya ajiye kuɗi bai juya su ba, yana fitar musu da zakka shekara goma a jere, abin da zakkar za ta zaftare bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. A mafi yawan watannin 2024, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wato kusan abin da zakka za ta ɗauka a shekara goma, tsadar rayuwa ta lashe shi a shekara ɗaya. Wanda ya fara tara kuɗin Makka a 2023 ya ga haka da idonsa. Gara da ke cin ajiya ita ce zaman kuɗi wuri ɗaya. Shi ya sa Sayyidina Umar ya umarci masu riƙon dukiyar marayu su juya ta a kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. Mai tara kuɗin gini ya fi masa alheri ya riƙa sayen bulo da rodi sannu a hankali da niyyar gini ta gaskiya, ko ya sa kuɗin a wata halastacciyar sana'a a hannun amintacce.

Sannan mu ɗaga kai mu dubi wanda ake bai wa. A layin da telan nan yake, akwai gwauruwar da take wankau don ciyar da marayu huɗu, akwai magidancin da aka sallamo matarsa daga asibiti saboda ya kasa sayen magani. Mai tanadi yana tunanin shekara uku masu zuwa, su kuwa tunaninsu tuwon dare. Hajji Allah ya ɗora shi a kan mai iko, kuma wanda bai samu iko ba babu laifi a kansa ko ya mutu bai je ba. Zakka kuwa, ranar da sharuɗɗanta suka cika ta zama hakkin wasu a cikin aljihunka. Ba ya kyautuwa mutum ya tsaya a Arfa da guzurin da rabon maƙwabcinsa yake ciki. Kuma sau da yawa ba sai an je nesa ba: ɗan'uwa ko 'yar'uwa ko kawu mabuƙaci, waɗanda ciyar da su bai wajaba a kanka ba, sun halatta a ba su, har ladan ya zama biyu, na sadaka da na zumunci.

Shawarata ga duk mai tanadi ita ce ya sa zakka cikin kasafinsa tun ranar farko, kamar yadda mai gini yake sa kuɗin lebura. Ya rubuta ranar da kuɗinsa suka kai nisabi, ya nemi sanarwar nisabi idan ranar ta zagayo, ya cire bashin da ke kansa na gaskiya, ya fitar ba tare da jinkiri ba. Idan shekaru sun wuce bai fitar ba saboda rashin sani, ya zauna da malami su lissafa, domin zakka ba ta faɗuwa da daɗewa.

Telan nan, da aka yi lissafi a zauren, aka haɗa ajiyarsa da ɗan abin da ke asusun shagonsa, sai aka tarar bai kai nisabin zinariya ba. Malam ya ce masa, “Malam, a ma'aunin da muke bi babu wajibi a kanka bana. Je ka ci gaba da tanadinka, Allah ya kira ka.” Ya yi godiya, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya ce, “Allah gafarta malam, to a ɗaya ma'aunin, na azurfa, nawa zai kama?” Malam ya ɗauki alƙalami ya fara lissafa masa a bayan takarda.